Shekarar da Shanun Yero Suka Shiga Soja

A Zuru in ka ce kakanka tsohon soja ne, ba mai ɗago kai ya dube ka, don kusan kowane gida akwai irinsa. Nawa kakan, Yero, ya je yaƙin Jamus na farko har ƙasar Kamaru, ya yi wata goma sha huɗu, ya dawo da tabon bulala goma sha biyu a gadon baya, amma bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma ba takardar da aka rubuta sunansa a ciki. In an tambaye shi sai ya ce shi bai shiga soja ba, shanunsa ne suka shiga, shi kuwa ya bi su. Mutane kan yi dariya. Shi ba ya yi, don iyakar gaskiyarsa ya faɗa.

Bafulatani ne, an haife shi a wata ruga yamma da Danko tun Turawa ba su zo ba. Siriri ne, dogo, kuma maganar da yake yi a yini ba ta fi a ƙirga da yatsu ba. Ni na same shi ya tsufa tukuf. Yawancin abin da zan faɗa daga bakin mahaifiyata Rabi na ji, ita ce 'yarsa ta fari, ita ma sai da ta yi shekaru tana tsintar labarin guntu-guntu, yau a wurin tatsa, wata rana a hanyar kasuwa.

Su biyu ne wurin ubansu, Hamma babba, Yero ƙarami, shekara huɗu tsakaninsu. Yero na da shekara tara annobar bushiya ta shigo ƙasar, shanu suka riƙa faɗuwa har ungulu ta gaji. Uban ya yi abin da makiyaya kan yi in abu ya ƙazanta: ya raba abin da ya rage gida biyu, don in mutuwa ta ci rabi ta bar rabi. Ya ba ƙanensa rabi ya yi gabas da su, ya haɗa masa da Hamma. Aka ce in damina biyu ta wuce za su dawo. Abin da Yero ke tunawa na wannan rana shi ne suna da sanda ɗaya mai kyau da suke riƙewa bi da bi, kuma Hamma ya tafi da ita alhali ranar ba tasa ba ce.

Damina biyu ta wuce, ta uku ta bi ta. Turawa suka zo, uban ya rasu, uwar ta bi shi. Labarin ƙarshe da aka samu wani bafatake ne ya kawo, ya ce ya ga masu kama da su wajen Adamawa. Daga nan shiru, shekara ashirin da biyar.

Abu ɗaya ne uban ya ba kowannensu cikakke bai raba ba, shi ne kiran shanu. Kowane gidan makiyaya da nasa kiran, uba ke koya wa ɗa, shanun gida kuma suna tashi da shi tun suna maruƙa, ba sa amsa na wani. Na gidansu Yero dogon kuka ne mai hawa sama, a katse shi sau biyu, a rufe da ƙyas ɗin harshe. Na sha ji. Ba shi da daɗi ko kaɗan, amma saniya na jinsa za ta bar ciyawa a baki ta taho.

Da yaƙin Jamus ya tashi, samarin Dakarkari suka yi ta shiga soja, kamar dai da ma jira suke. Soja kuwa yana cin nama. Aka aiko wa arɗo cewa a tara shanu sittin, arɗo ya bi ruga-ruga yana nunawa da sanda, ya nuna goma sha biyu a garken Yero. Aka kora su zuwa bariki. Kafin azahar sun dawo gida. Aka sake kora su da rakiyar soja biyu, suka dawo da soja biyun a bayansu suna haki. Rana ta uku wani saje ya zo da kansa, Badakkare ne ɗan Rikoto, sunansa Dodo, gajere mai faɗin ƙirji wanda ya yi suna a kokawa kafin ya sa kaki. Ya tsaya ya dubi shanun, ya dubi mai su.

"Shanunka ba su jin oda," in ji shi.

"Suna ji," in ji Yero. "Ba taku ba dai."

"To kai za ka zo ka ba su."

Haka Yero ya shiga yaƙin duniya. Ya ce wa matarsa Asiya ta kula da maruƙa, ya ɗauki gora da bargo, ya bi bayan ayari. Mahaifiyata lokacin tana goye.

Wata biyar suka yi a hanya. Aikinsa shi ne ya kora garke bayan sojoji, kullum da safe kuma ya fitar wa mahauci biyu. A nan ya nuna irin adalcinsa: kullum shanun wasu yake fara fitarwa. In mahauci ya nuna tasa sai ya ce wannan tana da ciki, waccan tana tari, wancan bijimin namansa zai ba soja gudawa. An ƙaro shanu a hanya sau uku, duk aka cinye. Da suka isa Kamaru, cikin sittin ɗin farko saura tara, bakwai nasa ne. Saje Dodo ya gane sarai, amma ya kau da kai, don kullum akwai ƙwaryar madara da ke zuwa wurinsa da wurin ƙanensa Arzika. Arzika yaro ne sabon shiga, bai fi shekara goma sha takwas ba, mai yawan dariya, kuma shi kaɗai ne a rundunar ya taɓa ƙoƙarin kwaikwayon kiran Yero. Shanun suka dube shi suka ci gaba da kiwo.

Jamusawa sun hau wani dutse da sojojinsu baƙaƙe da iyalan sojojin, suka toshe hanyar hawa da bindiga mai ruwa, mai aman harsashi ba tsayawa. Turawan Ingila suka zauna a gindi suna jira yunwa ta sauko da su. Kyaftin ɗin su Dodo, sojoji na kiransa Mai Agogo, don ko tari zai yi sai ya duba lokaci. Jira ba ya cikin abin da Allah ya ba shi.

Wata safiya da hantsi Yero ya kai shanu mashaya, wani rafi ne da ya bi gefen dutsen ta inda ba a faɗa. Saje Dodo na wurin da masu ɗibar ruwa. Sai aka ji kira daga can cikin duwatsu, dogon kuka mai hawa sama, an katse sau biyu, an rufe da ƙyas ɗin harshe. Shanu bakwai suka ɗaga kai. Suka haye rafin a jere, suka shige tsakanin wasu manyan duwatsu inda kowa ya ɗauka ba hanya, suka ɓace. Biyun da ba nasa ba suka ci gaba da shan ruwa.

Dodo ya juyo. Wata biyar yana jin wannan kira safe da yamma, yau ga shi ya fito daga dutsen abokan gaba, ga kuma Yero tsaye kusa da shi bakinsa a rufe. Yero ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin tsoro da murna sun haɗu masa wuri ɗaya irin na wannan safiya ba, har sai da ya zauna a bakin ruwa.

"Wa ke da kiranka bayan kai?" in ji Dodo a hankali.

"Mutum guda."

"Naka na?"

"Wana na."

Mai Agogo bai san wannan ba, amma ba wawa ba ne. Da aka gaya masa shanu sun hau dutse sai ya ce inda saniya ta hau, soja ma zai hau. Ya ba da oda makiyayin ya bi sawu ya gano hanyar, ya dawo kafin azahar ta gobe. Dodo ya raka Yero har bakin rafi, ya ce masa ya hau ya gaya wa nasa ya kauce, sannan ya sauko ya nuna musu. A ganinsa magana ta ƙare, kuma kowa ya ji zai ce shawara ce mai kyau.

Washegari da sassafe Yero ya bi kashin shanunsa. Hanyar ƙunci ce, wani wurin sai ka karkata kafaɗa. Can wajen rabin dutse, ƙasa da inda masu gadi suke, ya tarar da mutum zaune kan falalen dutse da malfa, sanda a gicciye kan gwiwa. Gemunsa ya fara fari. Fuskar ubansu ce sak.

Wanda bai san Fulani ba zai zaci sun rungumi juna suna kuka. Ba su yi ba. Yero ya durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ƙane ke yi, suka gaisa. Suka tambayi gajiya, suka tambayi sanyi, suka tambayi ruwan bana. Sai da gaisuwa ta ƙare tas Hamma ya ce ya ga tsagar kunnen shanun, ta Baffa ce, wato ubansu, shi ya sa ya san mai su zai biyo su. Ya tambayi Baffa, aka ce ya rasu. Ya tambayi Inna, aka ce ta rasu. Ya yi addu'a ya shafa, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Shi ma, ashe, shanunsa ne suka shiga soja. Jamusawa sun kwashe masa talatin, ya bi su da matarsa da 'ya'ya biyu, aka hau dutse da su. An cinye ta ƙarshe wata guda da ya wuce. Amma bakin da ya saba kira shekara talatin ba ya dainawa don shanu sun ƙare, kullum da hantsi sai ya sauko nan ya kira, ba don komai ba. Jiya ya kira, sai ga bakwai sun amsa. Baturen Jamus ya yaba masa ƙwarai, har ya ba shi taba.

"Sun yanka guda," in ji Hamma. "Jar nan mai karyayyen ƙaho."

"Tana da ciki," in ji Yero. Wannan karon gaskiya ne.

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Hamma ya girgiza kai. Bukkarsa ita ce ta farko a bakin wannan hanya ta sama, duk wanda ya hauro da bindiga a kanta zai fara faɗawa. In kuma ta ɓaci, Jamusawa ba sai sun yi duba ba kafin su san wanda ya buɗe ƙofa. Gudu kuwa ba ya yiwuwa yanzu, don matarsa ta haihu kwana uku ke nan, ta sha wuya, ko tsayuwa ba ta iya yi.

"Ba ni kwana huɗu," in ji Hamma. "A yi suna, ta samu ƙahwa. In hitar da su ta gabas. Bayan nan ka kawo wanda kaka so."

"Namiji ko mace?"

"Mace."

"Allah shi raya."

Kwana huɗu a wurin makiyayi ba komai ba ne. Mutumin da ke jiran damina wata bakwai, yake jiran karsana shekara huɗu kafin ta haihu, bai ga abin da zai hana a jira kwana huɗu ba. Dutsen ba tafiya zai yi ba, an ma yi wata biyu ana kallonsa. Wannan shi ne kuskuren kakana, kuma har ya mutu bai kira shi da wani suna ba.

Ya sauko ya ce wa Mai Agogo sawu ya ɓace a kan falalen dutse. Mai Agogo ya duba agogonsa, ya ce a yi masa bulala goma sha biyu saboda ya ɓatar da shanun gwamnati. Yero bai yi gardamar bulalar ba, abin da ya yi gardama a kai shi ne cewa shanun na gwamnati ne. Saje Dodo aka ba aikin. Da yana ɗaure masa hannu a jikin itace ya sunkuya ya ce, "Kwana nawa?" Yero ya ce huɗu. Dodo ya yi dukan yadda oda ta ce, bai rage ba bai ƙara ba.

Rana ta biyu da la'asar takarda ta iso daga manya: a hau dutsen gobe da safe ta gaba, ta inda bindiga mai ruwa take. Dodo ya zo ya tarar da Yero kwance rubda ciki ƙarƙashin wata bishiya.

"Gobe na," in ji shi. "Arzika na cikin na gaba."

Yero ya juya fuskarsa ga bishiyar.

"Kwana biyu ɗai ya rage maka. Ba ni su."

"Na ba wana."

Dodo yana iya zuwa ya gaya wa Bature. Amma da ya yi haka da an harbe Yero, hanyar kuma ta tafi da shi, don Dodo ya san irin taurin kan mutumin da yake magana da shi. Shi da kansa ya haye rafin ya yi ta laluben duwatsu har rana ta faɗi, kowane lungu ya shiga sai ya ƙare a bango. Yero ya ce ya ga dawowarsa, gwiwoyinsa duk jini. Ya ce da a ce Dodo ya zo ya ɗora masa bindiga a ka da ya fi masa sauƙi, amma sai ya wuce bai ko dube shi ba.

Da safe aka hau. Kafin hantsi an sauko. Cikin 'yan ƙasar Zuru kaɗai mutum goma sha ɗaya ba su sauko da ƙafarsu ba, Arzika na cikinsu. Yero na cikin waɗanda suka haƙa ramin binne su, bayansa na tsage yana haƙa, ba wanda ya sa shi.

Ranar da kwana huɗu suka cika ya je ya tsaya gaban Dodo ya ce, "Sun cika." Aka gaya wa Mai Agogo cewa makiyayin ya sake dubawa ya ga kashin shanu. Washegari soja ɗari suka bi bayan Yero ɗaya bayan ɗaya ta cikin matsatsin, suka ɓullo wa Jamusawa ta baya suna karin kumallo. Kafin azahar dutse ya faɗi. An ji wa mutum biyu rauni, ɗaya ma zamewa ya yi. Mai Agogo ya yi murna ƙwarai, ya ba Yero sabon bargo.

Bukkar farko babu kowa. Toka ta yi sanyi. Hamma ba ya cikin gawawwaki, ba ya cikin kamammu, waɗanda aka tambaya kowa da abin da ya faɗa, wani ya ce ya ga sun fita ta gabas, wani ya ce Baturen Jamus ya sa an tafi da wani makiyayi bayan dutse shekaranjiya. Abin da kawai Yero ya samu shi ne sanda jingine a bakin bukka. Ya ce ita ce wadda suke riƙewa bi da bi. Ni ina shakkar sanda ta yi shekara ashirin da biyar, amma ban taɓa gaya masa ba. Abin da ba shakka a kai shi ne makiyayi ba ya tafiya ya bar sandarsa. Ko dai da gangan ya bar wa ƙanensa, ko kuma an fitar da shi ba shiri. Cikin shanu bakwai ya tarar da fata shida da karsana ɗaya ramammiya, ita ya koro har gida.

Daga wannan karsana ya sake tara garke. Ya taso daga Danko ya kafa ruga kusa da Rikoto, mutane suka yi ta mamaki, don kiwo ya fi kyau a can. Dodo ya bar soja ya koma noman dawa. Kowace kaka in ya girbe, shanun Yero ke shiga gonarsa su ci kara su bar masa taki, kamar yadda manomi da makiyayi ke yi ko'ina. Suna gaisawa a kasuwa. Shekara ashirin da biyar ba wanda ya ambaci Kamaru a cikinsu. Duk bafataken da ya fito gabas kuwa sai Yero ya tare shi da tambaya, har fatake suka san shi suna kauce masa.

Da yaƙin Jamus na biyu ya zo, aka kawo majigi Zuru don a ja hankalin samari su shiga soja. Aka kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, gari duka ya fito. Mahaifiyata ta kai nono sayarwa, ta zauna bayan tsofaffi, sai ta ga Allah ya haɗa mahaifinta da Saje Dodo a kan gungume ɗaya. A majigin an nuna sojoji suna hawa wani dutse ana ta harbinsu, suka kai har ƙoli dukansu, ko hular mutum ɗaya ba ta faɗi ba. Samari suka yi ta ihu suna tafi.

Dodo bai juyo ba, idonsa na kan ƙyallen.

"Yero."

"Saje."

"Naka ya hita?"

Mahaifiyata ta ce mahaifinta ya daɗe yana murza sandar nan a hannunsa.

"Ban sani ba."

"Har yau?"

"Har yau."

Dodo ya gyaɗa kai. Aka nuna Bature yana kafa tuta.

"Kullum ina roƙon Allah ya sa ya hita," in ji shi. "Shi da matar da jinjirar. In ba su hita ba, to Arzika ya tahi a banza."

 Da aka watse Yero ya kama hannun Dodo, don idon Dodo ya fara rauni, ya raka shi har ƙofar gida. Washegari da hantsi ya fita ya kira shanunsa kamar kullum, suka zo duka suka kewaye shi. Mahaifiyata ta ce sai ta ga ya juya gabas ya sake kira.